Matatar Ƙasa a Tankin Kifin Ruwan Daɗi: Yadda Za Ka Haɗa Ta Ba Tare da Ambaliya Ba

Idan wuta ta ɗauke, tankin kifi mai ƙaramar matata shiru kawai yake yi. Mai matatar ƙasa kuwa, wato matatar da ake ajiyewa ƙarƙashin tanki, inji ya tsaya amma ruwa bai tsaya ba. Za ka ji shi yana ta gangarowa cikin bututu, yana sauka a tankin da ke ɓoye cikin kabad, rabin minti, minti ɗaya, wani lokaci biyu. A wannan ɗan tsakanin ake gane wanda ya yi lissafi da wanda ya yi ganganci. Na ɗaya yana zaune abinsa har ƙarar ta mutu. Na biyu yana durƙushe da tsumma da bokiti.

Shi ya sa nake ganin wannan matata, wadda masu kiwon kifin ado ke kira samp, ba don lokacin da inji ke aiki ake tsara ta ba. Kowane irin haɗi yana tafiya daidai muddin inji na juyawa. Ana tsara ta ne don lokacin da ya tsaya, da kuma ranar da bututu ya toshe.

Mece ce ita, kuma wa take yi wa amfani

Tanki ne na biyu, ƙarami, da ake ajiyewa ƙarƙashin babban tankin da kifi ke ciki. Ruwa yana tumbatsa daga sama, ya bi bututu ya sauko da nauyin kansa, ya ratsa ɗakunan da aka raba da gilashi, kowanne da abin tacewarsa, ya ƙare a ɗaki na ƙarshe inda inji zai sake tura shi sama. Inji ɗaya ne tak a duk tsarin. Kada ka taɓa yarda da shawarar sa inji biyu, ɗaya na saukarwa ɗaya na hawarwa. Ba za su taɓa yin daidai da juna ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya, kuma bambancin a daɓenka zai ƙare.

Amfaninta a fili yake. Tana ƙara yawan ruwan da kifin ke rayuwa a ciki, kuma ruwa mai yawa ya fi jinkirin lalacewa. Tana ɗaukar kayan tacewa ninkin abin da matatar da ake ratayawa a bayan tanki za ta ɗauka. Hita da wayoyi da ma'aunin zafi duk su koma ƙasa, babban tanki ya zama kifi da duwatsu kawai. Tun da daga saman ruwa take ɗiba, wannan maiƙon da ke kwanciya a fuskar ruwa ba ya samun zama. Zubowar ruwan kuma tana cusa masa iskar oksijin.

Amma ba kowa ke buƙatarta ba. Tankin lita 60 mai ƙananan kifi, matatar soso ta ishe shi, sa masa matatar ƙasa neman wahala ne. Inda take nuna kanta shi ne tanki daga kamar lita 250 zuwa sama, musamman mai kifaye masu ci da yawa da kashi da yawa, irin su oska, arowana, diskus, da sikilid na Tafkin Malawi da ake cunkusawa da gangan don rage musu faɗa. Mai tankin tsirrai da ke busa wa ruwa iskar kabon dayoksaid shi kuma sai ya yi tunani sau biyu, don zubowar da ke shigar da oksijin ita ce ke fitar da iskar da ya saya da kuɗinsa. Ana iya rage asarar da rufe matatar da murfi da nutsar da bakin bututu cikin ruwa, ba a dai kawar da ita gaba ɗaya.

Mataki na farko: awo da lissafi, tun kafin ka sayi komai

Bari mu ɗauki tanki guda mu bi shi har ƙarshe: tsawo santimita 120, faɗi 50, zurfi 50. Ka ninka ukun ka raba da 1,000, ka sami lita 300. Abin da aka saba shi ne matatar ta kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na babban tanki, in ta fi haka ma madalla. Mu ce ka sami tanki mai tsawo 80, faɗi 35, zurfi 40, wato lita 112. Ka auna ƙofar kabad, ba cikinsa kaɗai ba, don an sha sayen tankin da ya dace da ciki amma ya ƙi shiga ta ƙofa. Ka bar aƙalla santimita 20 tsakanin bakin matatar da rufin kabad, in ba haka ba duk ranar wanke soso sai ka kurje gwiwar hannu. Ka kuma tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kabad ɗin zai ɗauki kilo 300 a kansa, wasu kusan 80 a cikinsa, ban da gilashi da duwatsu.

Yanzu ga lissafin da komai ya rataya a kansa. Idan inji ya tsaya, ruwan babban tanki zai ci gaba da sauka har sai ya kai ƙasan bakin makwarara, wato inda ruwa ke tumbatsa ya fita, ko bakin bututun komawa, wanda ke mayar da ruwa sama, duk wanda ya fi zurfi a cikinsu. A tankinmu, kowace santimita ɗaya ta saman ruwa lita 6 ce, wato 120 sau 50 a raba da 1,000. In ruwan ya sauka da santimita 3, lita 18 ke nan, ka ƙara kamar lita 2 da ke cikin bututai, ya zama 20. Ita kuma matatar, kowace santimita ɗaya tata lita 2.8 ce. Lita 20 za ta ɗaga ruwanta da santimita 7 da ɗan ɗoriya. Saboda haka dole ka bar sarari fiye da haka a samanta, ni nakan ninka, in bar 14 ko 15. Wannan sararin da babu komai a ciki shi ne sashe mafi muhimmanci a matatar, kuma shi ne sashen da sabon shiga ke jin haushin gani, yana ta son ya cika shi da ruwa.

Mataki na biyu: hanyar da ruwa zai fita daga sama

Hanya biyu ce. Ko a huda gilashin tanki, ko a rataya akwatin makwarara a bakinsa.

Akwatin ratayawa yana aiki ne da zuƙo, irin yadda ake zuƙo mai da tiyo: wani lanƙwasasshen bututu cike da ruwa yana tsallakar da ruwan ta kan bakin gilashi. Matsalarsa, ƙananan kumfan iska suna taruwa a ƙololuwar lanƙwasar sannu a hankali, ranar da suka yi yawa zuƙon ya yanke. Inji bai san abin da ake ciki ba, yana ta turawa sama, babban tanki ya cika ya tumbatsa. Wanda tankinsa ya riga ya cika da kifi zai iya lallaɓawa da shi, yana duba bututun kullum. In kuwa tankin sabo ne babu ruwa, a huda shi kawai. Rami ba ya mantuwa, ba ya kuma yankewa.

Kafin huda, ka tabbatar gilashin ba gasasshe ba ne, wato wanda aka ƙarfafa da zafin wuta a masana'anta. Irin wannan ba ya hudawa: da haƙorin inji ya shige shi zai tarwatse ya zama tsakuwa. Tankunan kamfani da yawa gindinsu ne ake yi da shi, wasu har bangon. Gwajin da aka saba yi shi ne ka sa farin allon waya ko na kwamfuta a bayan gilashin, ka duba ta tabarau mai kashe ƙyalli, kana juya shi a hankali. In ka ga zane-zane ko tabo masu duhu a jikin gilashin, gasasshe ne, ka bar shi.

Ana huda da zagayayyen haƙori mai ɓarɓashin daimon. Girman ramin ya danganta da mahaɗin da zai zauna a ciki, wato wannan wuyan roba mai zare da goro da ke riƙe bututu a jikin gilashi. Mahaɗin inci ɗaya yakan nemi ramin milimita 45, amma ka sayi mahaɗin tukuna ka auna shi da hannunka. Tsakanin bakin rami da gefen gilashi kada ya gaza faɗin ramin kansa. Ka kwantar da tankin, ka manna tef a bayan wurin don kada gutsuren ya faɗo ya fasa ɗaya bangon, ka yi ɗan kewaye da laka ko wani abu mai danƙo ka zuba ruwa a ciki. Inji ya juya a hankali, kada ka danna, nauyinsa ya isa. Niƙa gilashin kake yi, ba yanka ba. Gab da ɓullewa ne aka fi yin ɓarna, don a nan haƙuri ke ƙarewa, to a nan ɗin za ka ƙara sassauta hannu. In gabanka na faɗuwa, ka kai wa mai aikin gilashi, babu abin kunya.

Wajen ɗaura mahaɗi, robar hana yoyo tana zama ne a ɓangaren kan mahaɗin mai faɗi, ba a ɓangaren goro ba. Ka ɗaure da hannu har ya tsaya, ka ƙara kwatan juyi. Matsewa da sifana iya ƙarfi ita ke tsaga roba, wani lokaci har gilashin.

A ciki kuma ana kewaye ramukan da akwatin makwarara mai haƙora a bakinsa kamar matsefi. Tsayin wannan bakin shi ke yanke inda ruwan tanki zai tsaya. In kana da 'ya'yan kifi ko ƙananan jatan lande, ka sa raga, in ba haka ba wata rana za ka buɗe kabad ka tarar da su suna yawo a ɗakin farko.

Mataki na uku: bututun saukarwa, da maganar ƙara

Nan ne mutane da yawa ke yin da-na-sani. Bututu tsirara a tsaye yana haɗiyar ruwa da iska tare, ya riƙa ƙwal-ƙwal kamar ana zuba ruwa daga tulu, dare da rana. Tsari uku aka fi sani don kashe wannan ƙarar.

Na Durso bututu ɗaya ne, an lanƙwasa bakinsa ya kalli ƙasa cikin ruwa, da ƙaramar huda a murfinsa ta shigar iska. Yana rage ƙara, yana da sauƙi, amma ruwa kaɗan yake ɗauka cikin natsuwa, kuma in ya toshe babu mataimaki.

Na Herbie bututu biyu ne, shi kuma nake ba yawancin mutane shawara. Na farko gajere ne, a nutse sosai, da bawul a jikinsa. Ana rage bawul ɗin har bututun ya cika da ruwa zalla babu iska, sai ya yi tsit. Na biyu dogo ne, a buɗe, bakinsa na sama da na farko da kamar santimita 15, yana jiran ranar da ganye ko dodon koɗi zai toshe ɗan'uwansa. Ranar nan ruwa zai hau ya bi ta cikinsa da ƙara, ƙarar ce kuma za ta kira ka. Bawul ɗin ya zama irin mai murɗawa zagaye-zagaye, wanda ake iya motsawa kaɗan-kaɗan. Mai hannu ɗaya da ake karkatawa kwatan juyi yana da wuyar saiti, ka taɓa shi kaɗan ya wuce gona da iri.

Na BeanAnimal ya ƙara na uku a kan waɗannan. Ya fi kowanne aminci, sai dai yana son rami uku da akwati mai faɗi.

Doka ɗaya ba ta da togiya: ba a sa bawul a bututun da shi kaɗai ne hanyar sauka. Bututun sauka kuma ya fi na komawa faɗi, misali milimita 32 a sauka, 20 a hawa. Ka rage lanƙwasa iya iyawarka, ka guji shimfiɗa bututu a kwance mai tsawo, don a nan iska ke maƙalewa. Bakin bututun ya nutse cikin ruwan matata da santimita 2 ko 3 kacal. In ya yi zurfi, iska za ta yi wuyar fita idan wuta ta dawo. Ka kuma sa mahaɗi mai kwancewa kusa da inji da kusa da bawul, domin wata rana za ka so cire su ba tare da zarto ba.

Mataki na huɗu: raba ɗakuna

Ana raba matatar da shamakin gilashi mai kaurin milimita 5 ko 6, a yanka shi ya gaza faɗin ciki da milimita 3 ko 4 don silikon ya sami wurin zama. Silikon ya zama zalla, wanda aka rubuta ya dace da tankin kifi. Na banɗaki da na kicin akan haɗa shi da maganin hana funfuna, wannan maganin kuwa guba ne ga kifi. Falle na roba mai kama da gilashi ba ya kama silikon da kyau, shi ya sa gilashi a kan gilashi ya fi. Ka goge wurin ya bushe, ka manna, ka ba shi aƙalla awa 48, ko ka jira har warin tsamin nan ya tafi ɗungurungum.

A matatarmu mai zurfin 40, shamaki ya tsaya a santimita 25, ga sararin 15 ɗin nan da muka yi magana. Ɗaki uku sun isa. Na farko, kamar santimita 15, inda ruwa ke sauka. Na tsakiya, kamar 35 zuwa 40, na kayan tacewa. Na ƙarshe, santimita 25, na inji. Dabarar ita ce a tilasta wa ruwa ya bi ta cikin kaya, ba ta kansu ba: shamaki ɗaya a ɗaga shi daga gindi da santimita 3 ruwa ya bi ta ƙasa, na gaba a manne shi da gindi ruwa ya haura ta sama. Ruwa malalaci ne, duk inda ya ga kafa nan zai bi, soson da bai cika faɗin ɗaki ba ado ne kawai.

Ka ɗan dakata a kan ɗakin inji, don akwai ja-in-ja a cikinsa. Duk ruwan da ya bi iska daga tsarin gaba ɗaya, a wannan ɗakin kaɗai ake ganin raguwarsa, saboda babban tanki da sauran ɗakuna shamaki ya tsayar musu da matsayi. Ɗaki mai 25 sau 35, kowace santimita ba ta kai lita ɗaya ba. In lita 2 na ƙafewa a rana, ruwan zai sauka fiye da santimita 2 kullum, cikin mako guda inji ya fara shaƙar iska. To me zai hana a yi ɗakin ƙato? Abin da zai hana shi ne ranar toshewa. In duk bututan sauka suka toshe, inji zai kwashe abin da ke ɗakinsa ya juye a sama. Babban tankinmu, in akwai santimita 3 tsakanin ruwa da baki, lita 18 zai iya karɓa. Ɗakin injin da ruwansa bai wuce lita 16 ba, ko an juye shi duka, ba zai jiƙa daɓe ba. Ƙonewar inji ta fi sauƙi a kan ruwa a soket.

Mataki na biyar: abin da ake zubawa ciki

Jeri ɗaya ne: mai kama datti a gaba, gidan bakteriya a tsakiya, sauran a baya.

A ɗakin farko akan sa jakar tacewa mai kama da safa, ta maikuron 100 ko 200, wato awon ƙanƙantar ƙofofinta, ko soso mai manyan ƙofofi sannan mai ƙanana, da audugar tacewa a ƙarshe. Jakar tana sa ruwa ya yi garau, amma a tankin manyan kifi kwana biyu ko uku take toshewa. In ka san ba za ka iya wannan hidimar ba, soso ya fi maka.

Ɗakin tsakiya shi ne zuciyar aikin. Kifi yana fitar da amoniya, akasari ta wurin numfashinsa, ragowar abinci da kashi ma suna ruɓewa su ƙara. Amoniya guba ce, dafinta kuma yana ƙaruwa in ruwa ya yi ɗumi ko awon pH, wato awon tsamin ruwa, ya hau. Wasu ƙwayoyin bakteriya, irin su Nitrosomonas, suna mai da ita naitirayit, wato NO2, wadda ita ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar oksijin. Wasu kuma, irin su Nitrospira, su mai da wannan naitiret, wato NO3, mai sauƙin illa, wadda canjin ruwa da tsirrai ke ragewa. Tun wajen 1890 masanin nan Sergei Winogradsky ya bayyana aikin waɗannan ƙwayoyi, a 2015 kuma aka gano cewa wasu jinsin Nitrospira suna yin aikin biyu su kaɗai. Abin da ya shafe ka a nan shi ne ba a cikin ruwa suke yawo ba, a jikin abubuwa suke mannewa, kuma suna son oksijin. Don haka kowane abu mai ƙofofi da ruwa ke ratsawa gida ne a gare su: zoben tangaran, dutsen aman wuta, soso. Ka zuba su a jakunkunan raga don ɗagawa ta yi sauƙi, ka ɗora a kan ɗan dandamali mai ƙofofi don ruwa ya bi ta ƙarƙashi.

Akwai kuma ƙananan robobin nan masu kama da taya, K1, da aka fara ƙirƙira a Norway don tace ruwan ƙazanta na gari. Su ba a kwance ake barinsu ba, iska ake busa musu su riƙa tafasa, suna goge juna, don haka ba sa toshewa. Suna aiki sosai, sai dai suna da ƙara, kuma in ba ka tare su da raga ba za su bi ruwa su shige inji. Ra'ayina, kada ka kashe dukiya a kan kayan da aka yi wa kirari a kwali. A matata mai wannan girman, soso mai kyau da dutse mai araha sun wadatar.

Gawayin tacewa ba dole ba ne. Yana cire launi da wari, yana ƙarewa cikin 'yan makonni, kuma yana shanye magani, saboda haka a fitar da shi duk lokacin da ake yi wa kifi jinya. Hita kuwa a kwantar da ita a ɗakin da ruwansa ba ya raguwa, ba ɗakin inji ba, don hitar gilashi da ta yi zafi a busasshen wuri fashewa take yi. Yawancin kifayen ƙasashe masu zafi suna son digiri 24 zuwa 27.

Mataki na shida: inji da bututun komawa

Ruwan tanki ya zagaya ta matata sau 3 zuwa 5 a awa ya isa. A lita 300, kana neman wajen lita 1,200 a awa. Amma adadin da aka buga da manyan baƙaƙe a kwalin inji na lokacin da ba ya hawa ko'ina ne. Naka zai hau fiye da mita ɗaya, ga lanƙwasa. Ka duba jadawalin da ke nuna abin da yake bayarwa a kowane tsayi, za ka iske mai lita 2,000 a rubuce ne zai ba ka abin da kake so. In ya yi ƙarfi, a rage shi ta bawul a ɓangaren fita, ba a ɓangaren shiga ba. Ɗora shi a kan ɗan soso, ka haɗa shi da guntun tiyo mai laushi kafin bututu mai tauri, gurnaninsa zai ragu.

Sai maganar da ta taɓa jiƙa mini tabarma. Na nutsar da bakin bututun komawa santimita 10 cikin ruwa don kada ya yi feshi, na dogara da bawul mai hana ruwa komawa. Wata shida yana aiki lafiya. Ashe ɗan ƙaramin dodon koɗi ya shige ya zauna a bakin marfinsa. Da wuta ta ɗauke, bututun ya zama tiyon zuƙo, ya fara janyo ruwa daga sama zuwa ƙasa. A tanki irin namu, santimita 10 lita 60 ce, matatar da aka bar wa wurin lita 40 ba ta da inda za ta sa ta. Tun daga ranar ban ƙara amincewa da wannan bawul shi kaɗai ba. Ka ajiye bakin bututu santimita 2 ko 3 ƙarƙashin ruwa, yadda da ruwa ya ɗan sauka zai shaƙi iska zuƙon ya yanke. In dole sai ya yi zurfi, ka huda ƙananan ramuka biyu na milimita 3 dab da fuskar ruwa, biyu saboda gansakuka na toshe ɗaya, ka riƙa sakace su da tsinke.

Wayoyi duka a bar musu lanƙwasa ta sauka ƙasa da soket kafin su hau, don ɗigon da ya biyo waya ya faɗi a ƙasa. Soket ɗin a kafe shi sama a bangon kabad, a bayan na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ji yoyon lantarki.

Mataki na bakwai: cikawa da gwaji

Ka cika babban tanki har ruwa ya fara bin makwarara yana sauka. Ci gaba da zubawa ta sama har ɗakin inji ya rufe inji sosai. Kunna. Ruwan ɗakin zai ragu yayin da bututai ke cika, ka ƙara masa. Murɗa bawul ɗin sauka kaɗan-kaɗan, kana jira minti biyu ko uku bayan kowane motsi, har ƙara ta mutu kuma ruwan akwatin makwarara ya tsaya dab da bakin bututu na biyu, na ko-ta-kwana. Shimfiɗa busasshiyar takarda ƙarƙashin kowane mahaɗi, ɗigo ɗaya ma za ta tona shi.

Yanzu zare filogi, ka tsaya a wurin da bokiti. Kalli ruwan matata yana hawa har ya tsaya cak. In ya bar maka santimita 5 ko fiye kafin baki, ka ci jarrabawa. Mayar da wuta, ka ga ko zuƙon ya kama da kansa ba ka taɓa komai ba. Maimaita sau uku. Sannan ka rufe bawul ɗin sauka ruf inji na aiki, ka ga ko bututu na biyu zai ɗauki ruwan duka shi kaɗai. Bayan nan ɗauko alƙalami mai rubutu a gilashi ka ja layi biyu a ɗakin inji, inji na aiki: na sama, inda ba a wucewa wajen ƙara ruwa, na ƙasa, inda ba a bari ya kai. Wanda zai kula maka da kifi in ka yi tafiya, layin nan biyu kawai za ka nuna masa.

Kifi kuma sai su jira. Sabuwar matata fanko ce, babu bakteriya, kafuwarsu kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ka zuba amoniya zalla har awo ya nuna miligiram 2 a lita, ko ka riƙa jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa, kana aunawa duk bayan kwana biyu. Za ka ga amoniya ta sauka, naitirayit ta hau ta sauka, naitiret ta bayyana. Ranar da ka zuba amoniya, bayan awa 24 ita da naitirayit duka suka nuna sifili, matatar ta shirya karɓar kifi. Soso daga tsohon tanki mai lafiya yana gajarta jiran ƙwarai. Mai sauya tsohuwar matata da wannan kuma ya bar su biyun suna aiki tare wata guda, ko ya kwashe kayan tsohuwar ya zuba a sabuwar.

Kula da ita

Soson farko da auduga, duk mako. Kayan ɗakin tsakiya, sai ka ga ruwa ya fara taruwa a bayansu, sannan ka jijjiga su a bokitin ruwan da ka ɗebo daga tanki, rabi yau, rabi bayan mako biyu. Ruwan famfo mai kilorin yana kashe bakteriyar da ka yi wata guda kana reno, don haka duk sabon ruwa a sa masa maganin kashe kilorin kafin ya shiga. Matata komai girmanta ba ta ɗauke maka canjin ruwa: kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari a mako, kana riƙe naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita. Ƙara ruwan da ya ƙafe ba canji ba ne, ruwa ne kaɗai ya tafi, dattin na nan.

Duk bayan wata uku ka kwance inji ka wanke farfelarsa, ka zuƙe taɓon da ya kwanta a gindin ɗakuna. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, awa da yawa, kayan ɗakin tsakiya za su rasa oksijin. Ƙaramin injin iska mai batir, da dutsensa ɗaya a wurin kifi ɗaya a wannan ɗakin, yana ceton duka biyun. Ranar canjin ruwa kuma, tun da dama sai ka kashe inji, kada ka juya baya nan take. Tsaya ka kalli inda ruwan matata ya tsaya, ka gwada da inda ya tsaya a makon jiya. In ya haura da santimita ɗaya ko biyu, ramin yanke zuƙo ya fara toshewa, ɗauko tsinke.